Tsaga Biyu a Kunnen Hagu

Ranar Asabar na tafi gonarmu da ke bayan Ƙofar 'Yandaka, don na ji ƙanena Alhaji Gidaɗo yana yi wa shanu lalas. Bana kowa na sa wa dabbarsa shaida saboda ɓarayi. In an ƙwato garke, shaidar ake dubawa, ba a tambayar tarihi. Gidaɗo ya sa maƙeri ya ƙera masa ƙarfe mai harafin sunansa. Mutumin da bai taɓa kai ƙarshen shafi ɗaya ba, ga shi yau yana rubutu a jikin shanu.

Tun daga nesa ƙaurin gashi ya tare ni. Sada makiyayi da mutum biyu ke kayar da dabba, a ɗaure ƙafafu, a manna mata jan ƙarfe, ta yi kuka, a sake ta.

A garken akwai saniya ɗaya da ba tasa ba, ba tawa ba. Matata Rahmatu ta gaje ta wurin mahaifinta, kuma shaidar gidansu tsaga biyu ce a kunnen hagu. Kafin ta rasu ta ba 'yarmu Fadila ita, da duk abin da za ta haifa. Na bar ta a gona ne don a gidana na unguwar Gobarau ko akuya da ƙyar take juyawa.

Na tarar an kayar da wata jar maraƙa, ƙarfe na cikin wuta. Gidaɗo na zaune a inuwa yana danna waya.

"Yaya, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ya gida? Ya haƙuri?"

Shekara uku yana tambayata haƙuri. Ashe auna shi yake yi.

Na ce, "Sada, wannan 'yar wace saniya ce?"

Sada ya dubi ƙasa. Gidaɗo ya amsa a madadinsa. "A garkena aka haife ta, Yaya. Harawata ta ci."

"Kai ma a asibiti aka haife ka, amma ba mu bar wa likita kai ba. Kuskurenmu ke nan. Ku kwance ta, mu ga inda za ta."

Sada ya kwance igiyar. Maraƙar ta miƙe, ta ratsa shanu ashirin, ta cusa kai ƙarƙashin saniyar Rahmatu. Kowa ya gani.

Sai saniyar ta juya. A cinyarta ga harafin Gidaɗo, ɗanye, ƙudaje na bi.

"Kuskure ne," in ji Gidaɗo. "Jiya da yawa aka yi."

"Na faɗa mishi, Malam," in ji Sada a hankali. "Har kunnen na nuna mishi."

Na zaro ƙarfen daga wuta na tsoma shi a kwamin ruwan shanu. Ya yi tsuwa ya mutu. Na karɓi wuƙar Sada, na kama kunnen maraƙar, amma hannuna ya kasa yankawa. Hannu ne da bai san komai ba sai alli. Sada ya karɓa, ya yi tsaga biyu, daidai da na uwar.

Na ja saniyar da 'yarta da igiya ɗaya. Gidaɗo ya ɗaga murya a bayana.

"Ina za ka ajiye su? A kan littattafanka?"

"Su dai ba su taɓa cin amanata ba."

A ƙasa muka shigo gari, masu babur na zagina, ina ramawa. Kafin in shiga gida na tsaya wurin mai unguwa, na sa shi ya fito da mutum biyu suka ga kunnen da idonsu. Sannan na ɗaure shanun a ƙofar ɗakin Rahmatu, suka cika tsakar gidan.

Fadila ta fito da ruwa, ta tsaya tana kallon ƙunar.

"Baba, wannan fa?"

"Rubutun baffanki ne. Kada ki karanta. Kunnen za ki duba."