Orville a Wurin Verna

Delbert Kowalke ya sayar da kabari ɗaya ga mutum biyu, kuma na biyun ya riga na farkon shiga.

Makabartar gado ce tun daga kakansa, tana bayan gari, gonakin masara sun kewaye ta. Mutanen garin tun da ƙarfinsu suke sayen wurin kwanciya, su koma gida su manta. Sunayensu duk suna cikin kwamfuta. Da kwamfutar ta yi nauyi, har mutum ya shanye kofinsa ba ta gama buɗewa ba, sai Delbert ya buga wa kamfanin da ya haɗa masa ita. Wata mai zaƙin murya ta ce ai kowace sana'a haka take yi: kwastoman da ya shekara bakwai bai leƙo ba, a kwashe sunansa a kai rumbu. Ba gogewa ba ce, ajiya ce.

Delbert bai tambayi komai ba, ya danna inda ta ce. Kwamfuta ta koma gudu kamar sabuwar mota, taswirar makabarta ta cika da korayen wurare, alamar babu mai su. Har matarsa ya yi wa fankama. Bai tsaya ya tuna cewa a sana'arsa sau biyu kwastoma yake zuwa ba, kuma zuwan na biyu ɗauko shi ake yi.

Da hunturu Orville Pruett ya mutu. Delbert ya nuna wa 'ya'yan mamacin wani koren wuri kusa da marigayi Norbert Zastrow, suka saya, aka rufe shi. Da ƙanƙara ta narke, sai ga Verna matar Norbert ta zo da furanni, tana dogara sanda. Daga bakin kabarin ta wuto ofis, ko ƙofa ba ta ƙwanƙwasa ba.

"Delbert, wane ne kwance a wurina?"

"Mama Verna, zauna tukuna. In zuba miki kofi?"

"Kofinka ko kare ba ya sha. Orville Pruett fa! Mutumin da ya ɗauke barewar da Norbert ya harba, ya ce tasa ce. Har suka mutu ba sa gaisawa, kai ka jera su kamar tagwaye!"

Delbert ya buɗe rumbu yana gumi. Ga sunanta nan daram. "Kin gani ko? Ba a goge ki ba, ajiye ki aka yi."

"Ajiye ni? Ni gwangwanin tumatir ce?"

Ya buga wa babban ɗan Orville waya. Ɗan ya ce duk wanda ya taɓa babansa da shebur, da shebur ɗin za a rufe shi, ya kashe waya. Verna ta ce babu damuwa, ɗan ƙanwarta lauya ne. Kafin nan kuma akwai coci ranar Lahadi, za ta shawarci kowa ya je ya duba ko an yi masa baƙo. Delbert ya san garinsu. Maganar nan in ta shiga coci, ko mushen kyanwa ba wanda zai ƙara kawo masa.

"Juyo min da allon nan," in ji ta. Ta ɗaga sanda ta dangwali wani koren wuri can saman tudu, ƙarƙashin babbar bishiya. "Wannan."

"Haba Mama, wannan nawa ne. Babana ya ba ni. Duk Asabar ni nake yanke ciyawarsa, wani lokaci har in kwanta in gwada."

"Kwamfutarka ta ce babu mai shi."

Delbert ya duba. Shi ma tun da aka rubuta sunansa bai taɓa leƙo kansa a matsayin kwastoma ba. Kwamfuta ta kai shi rumbu tare da kowa.

"Kada ka damu, yaro," ta ce, "ajiye ka aka yi."

"To ke ba kya son gefen mijinki?"

"Tun ina amarya nake jin minsharin mutumin nan. Bar shi da Orville su ƙarasa maganar barewarsu."

Ya sa mata hannu a takardar wurin, ta tafi, furannin ma a kan teburinsa ta manta da su.

Ya dawo da kowa daga rumbu, kwamfuta ta koma rarrafenta, korayen wurare suka ɓace. Da ya duba wanda ya rage babu mai shi da gaske, guda ɗaya ne: bakin babban titi, bayan ɗakin shebura, inda ruwa yake kwanciya in ƙanƙara ta narke, manyan motoci suna girgiza ƙasa. Nan Delbert ya rubuta sunansa.