Zaren da Mai Shara Ta Ɗaura

A ofishin da take shara akwai wani ɗaki da ake kira ɗakin katuna. An rufe bangonsa uku da katako, an bubbuga ƙananan ƙusoshi, kowace ƙusa da katin da aka rataya mata. A jikin kowane kati an rubuta matsala ɗaya daga cikin matsalolin duniya: yunwa, yaƙi, gurɓataccen ruwa, cunkoson birane, ƙarewar kifi a teku, tsofaffin da ba su da mai duba su. Katunan sun fi ɗari uku. Inna, kamar yadda 'yan ofishin ke kiranta, ta fara saninsu ne ta wajen ƙura, don babu abin da ke kama ƙura kamar kati.

Aikin ofishin shi ne a gayyato mutane rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni zare mai launi ɗaya, a ce su ɗaura daga matsalar da ke jawo wata zuwa wadda ta jawo. Likitoci aka ba ja, injiniyoyi shuɗi, malaman makaranta rawaya, manoma kore, 'yan kasuwa baƙi. Inna ce ke shiga da ruwan sha, don haka ta ga kowa. Likitoci duk inda suka taso sai sun bi ta gurɓataccen ruwa. Injiniyoyi suka tara zarensu a kan rashin wuta da lalacewar hanyoyi har ƙusoshin suka lanƙwasa. Malamai suka ce komai daga jahilci ne, suka ɗaura, suka zauna suna jiran shayi. Manoma ba su yi magana da yawa ba, ƙarancin ruwan sama suka nema tun daga bakin ƙofa. 'Yan kasuwa kuwa sai da aka raba biyu daga cikinsu a kan ko yaƙi ne ke rufe iyaka ko rufe iyaka ne ke kawo yaƙi.

Mai gadi ya ce da shi aka tambaya, da duk zaren a kan rashin barci zai tara su. Inna ta ce masa ai babu katin rashin barci. Ya ce to shi ya sa duniyar ta ƙi gyaruwa.

Darakta, wato shugaban wurin, ya kafa doka cewa kada ma'aikata su ƙirga zaren ko su rubuta komai sai rukunin ƙarshe ya zo ya tafi, don kada zuciyar wani ta karkata wajen wasu. Wata biyar aka yi a haka. Babu mai shiga ɗakin kullum sai Inna da tsummanta a kan sanda.

Ran da abin ya fara faruwa, kan sandar ne ya saƙale wani jan zare. Gefensa ɗaya yana nan ɗaure a katin da aka rubuta ƙaruwar zafin rana, ɗaya gefen ya sauko yana lilo. Ta duba sama, ta duba ƙasa, ba ta san inda ya fito ba. A aji huɗu karatunta ya tsaya, sai ta haɗa harafi da harafi kafin kalma ta fito mata. Ta bi katunan a hankali da yatsa, har ta iso kan wanda ya ce yara masu barin makaranta. Nan ta tsaya. Ba ta yi wani dogon tunani ba, ta miƙa hannu ta ɗaura.

A gidanta haka abin ya tafi. Maigidanta kafinta ne mai rufin kwano. Kwana uku yana dawowa yana cewa kansa na juyawa, kwanon kamar an hura wuta a ƙarƙashinsa. Ta ce ya huta, ya ce mai ginin na sauri. A rana ta huɗu da azahar, abokan aikinsa suka ce ya miƙe tsaye a kan rufin kamar zai kira wani, sai kawai suka ga babu shi. A takardar asibiti faɗuwa aka rubuta. An kawo mata gudumarsa da hularsa a cikin leda. Bayan wata biyu babbar 'yarta ta ninke kayan makaranta ta sa a ƙasan akwati, ta kama aiki a shagon ɗinki, don ƙannenta uku su ci gaba da zuwa.

Daga ranar da ta ɗaura jan zaren, duk zaren da fanka ta kwance ko tsumma ya fizgo, sai Inna ta nema masa wuri. A ganinta gyara take yi, kamar yadda za ta mayar da kujera inda ta dace. Ba ta taɓa cire wanda ke ɗaure ba. Kafin rukunin ƙarshe ya zo ta ɗaura goma sha ɗaya.

Wadda aka ɗora wa ƙirgar zaren wata matashiya ce mai tabarau, kowa Malama yake ce mata. Ita kaɗai ce a ofishin ke tambayar Inna yaya ƙafa, ta kuma tsaya ta ji amsa. A kwana na biyu da fara ƙirga ta fito da sauri tana neman Darakta. Ta ce ga wani abu da ba a zata ba, likitoci sun haɗa zafin rana da barin makaranta kai tsaye, ba su bi ta wata cuta ba, kuma babu rukunin da ya yi haka. Darakta ya zo ya tsaya a gaban zaren hannunsa a haɓa. Ya ce da wannan za a buɗe rahoton. Inna na goge gilashin taga a bayansu. Ta ci gaba da gogewa, ba ta san ko daɗi take ji ko tsoro ba.

Washegari Malama ta buga wa babban likitan da ya jagoranci rukunin waya don ya yi mata ƙarin bayani. Ya ce su ba su ɗaura wannan ba, kuma bai ga likitan da zai ɗaura ba. Aka kira wasu biyu, suka faɗi haka. Da aka ƙara dubawa sai aka ga wani koren zare a inda manomi ba zai kai shi ba, da wani shuɗi.

Inna na goge baranda da la'asar ta jiyo muryar Darakta ta ƙofar da ba a rufe sosai ba. Ba faɗa yake yi ba, kuma da faɗan ne da ya fi sauƙi. Yana tambayar Malama ne a hankali ko ta san abin da ake kiran mai binciken da ya ƙirƙiro sakamako da hannunsa don a yaba masa. Ya ce gobe da safe zai rubuta wa waɗanda suka ba da aikin, kuma dole sunan wani ya shiga takardar. Malama ta fito ta wuce ta gefen bokitin, ba ta ga kowa ba.

Inna ta biya ta shagon ɗinki a hanyarta ta gida. Ta zauna a kan benci tana kallon 'yarta na taka keke, ta ba ta labarin duka. Yarinyar ba ta ɗago ba sai da ta kai ƙarshen layin ɗinkin. Ta ce wa ya gan ta? Babu. Ta ce ita Malamar tana da takardu, in an kore ta nan gobe wani wurin zai ɗauke ta.

"Ke kuma fa, Umma? Tsintsiya kowa ya iya riƙewa. In kika buɗe baki, mako mai zuwa wata ce a barandar nan."

Inna ta ce ta sani.

"To ki yi shiru. Wa ya aike ki gyaran duniya, ke da aka ce ki share ta?"

Suka yi 'yar dariya wadda ba ta kai ciki ba. Inna ta miƙe ta ce bari ta je ta ɗora tukunya kafin yara su dawo.

Da safe ta share harabar, ta wanke kofuna, ta zubar da kwandunan shara, duk tana jan aikin. Da ta ji Darakta ya shigo, sai ta jingine sandar a bango, ta goge hannu a zaninta, ta ƙwanƙwasa. Malama na zaune a ciki idanunta a kumbure.

"Ranka ya daɗe, zaren nan ni na ɗaura."

Darakta ya ɗauka bai ji daidai ba. Ta sake faɗa. Ta ce yana faɗowa ne, ita kuma ba ta son a zo a tarar da shi yana lilo a ce ba ta kula da ɗakin ba. Ya tambaye ta me ya sa ba ta kira wani ba. Ta ce ba ta san abin kira ba ne. Ya tambaye ta nawa ne, ta ce goma sha ɗaya.

"Inna, kin san aikin wata biyar ne wannan? Me zafin rana ya haɗa da makaranta, fisabilillahi?"

"A gidana ya haɗa su, ranka ya daɗe."

Ta gaya musu a gajarce, yadda ta saba gaya wa masu zuwa gaisuwa: rufin, kwana ukun, ledar, akwatin. Ba ta yi kuka ba, kukan ya daɗe da ƙarewa. Darakta ya yi mata ta'aziyya, kuma daga muryarsa da gaske yake. Sannan ya ce duk da haka jan zare na likitoci ne, ita kuwa ba likita ba ce, kuma ba a gayyato rukunin masu shara ba. Ta ce haka ne.

Suka shiga ɗakin su uku, Malama da almakashi da littafi. Inna na nunawa, Malama na rubuta daga ina zuwa ina, sannan ta datse. Ga koren da ta kai daga tsadar abinci zuwa rigimar cikin gida. Ga shuɗin da ta kai daga rashin wuta zuwa ciwon ido, don 'yarta ta fara ƙanƙance ido wajen zura zare a allura. Ba ta manta ko ɗaya ba. A kan kowanne Darakta sai ya tambaya ko ta tuna inda yake tun farko, ita kuma ta ce a'a. Abin da masu zaren suka nufa ya tafi ke nan, sai dai a sake kiransu, in za su tuna.

Jan ne na ƙarshe. Malama ta sa almakashin ta tsaya.

"'Yar taki ta koma makarantar?"

"Ba ta koma ba."

Malama ta datse shi.

Darakta ya ce ba zai kori Inna ba, don da ta yi shiru da babu wanda zai sani. Amma daga yau ta ba da makullin ɗakin, ta tsaya a baranda, bene da banɗaki. A takardar zai rubuta cewa an samu kuskure wajen kula da ɗakin, ba zai sa sunan kowa ba. Ta yi godiya har sau biyu. Ta kwance makullin daga bakin zaninta ta ajiye a kan teburi.

Malama ta tsaya da guntayen zaren a tafin hannu tana waige-waigen inda za ta zuba. Inna ta miƙa hannu ta karɓa, don zubar da shara aikinta ne. Ta fita ta jefa su a kwando, ta ɗauki bokitinta. Ruwan ya riga ya yi datti, sai da ta sauka ta canza wani kafin ta hau bene.