Damtsen Malam Jimrau

Damtse ɗari shida da sha ɗaya Zuhura ta ɗaura wa na'urar awo, daga Birnin Lalle har Mai Yara, tana binciken hawan jini a ƙauyuka. Na mahaifinta ne kaɗai ba ta taɓa ba.

Ita ce 'yar fari. Malam Jimrau bai taɓa kiran sunanta ba, sai dai ya ce "waccan", kuma ba ya haɗa ido da ita. Da, mahaifiyarta ce ke kai magana tsakaninsu. Tun da shanyewar jiki ta yi ajalinta bara, gidan ya rage su biyu, sai wata jar akuya ɗaure a gindin aduwa.

A gari ma ba ta da wurin hira. Hana-Gishiri suke ce mata. In ta shiga gidan suna, mata su rufe tukunya.

"Ga ta nan! Dela, ɓoye magin, kar a auna mu!"

Takan yi dariya tare da su, ta ci tuwonta a gefe.

Kwana uku ke nan tana ganin tsohon yana dafe ƙeya in ya tashi daga salla. Haka mahaifiyarta ta fara. Ta durƙusa daga nesa.

"Baba, ya jiki?"

"Lahiya lau," ya ce wa buta.

Amsar da ƙauye guda ke ba ta ke nan, har waɗanda awonsu ya kai ashirin, bakin haɗari.

Ranar Juma'a da hantsi ta fito da na'urar, ta zauna kusa da akuyar, ta ba tsohon baya.

"Ke ja," ta ce, "ki gaya wa mai gidan nan, mutum ɗaya ya rage mini."

Akuya ta ci gaba da tuƙa. Can ta ji tsohon ya gyara murya.

"Ja, ce ma waccan ta kawo abin nata. Ta yi maza, rana na yi."

Ya naɗe hannun riga, ya juya fuska ga katanga. Damtsen ya fi yadda take zato sirantaka, sai da ta ninka maɗaurin. Awo ya nuna sha tara bisa sha ɗaya, jinin ya hau ƙwarai.

"Ja," ta ce, "gobe za mu likita. Kuma miya ba gishiri."

"Ja, tambaye ta, har da shayin za a hana ni?"

"Har da shi."

Ya yi tsaki, yana kallon katanga. Hannun dai bai janye ba.