Rigunan Kwamfuta

Hanifa na tsakiyar lissafi a kan 'yar takardar da aka ba ta, sai ta ɗaga kai ta ga fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin. Tambayoyin jarrabawar da ke gabanta ɗazu sun ɓace. Ta saci kallon dama da hagu, ta kowa na haske, 'yan Birnin Kebbi sai ƙas-ƙas suke da yatsu kamar kaji a kan tsaba. Tata kaɗai ta mutu.

"Na ɓata ta," ta ce a ranta. Ta janye hannuwanta ta cusa cikin hijabi.

* * *

Kada wani ya ce Hanifa ba ta san kwamfuta ba. A makarantarsu ta 'yan mata a Argungu, ita ke zuwa ta ɗaya a darasin. Malam Tamba ya zana musu na'urar da alli, ya sa kowace ta zana madannan a bayan kwali, su yi ta dannawa suna rera sunayensu.

Kwamfutocin gaske kuwa ba a rasa su ba. Tun shekarar da aka kawo su da kiɗa da jawabi aka kulle su a ɗakin da ya fi kowanne kyau, don kayan gwamnati ne, wanda ya ɓata zai amsa tambaya. Asiya, mahaifiyar Hanifa, ita aka ba ɗinkin rigunansu, shuɗin yadi da leshi a baki, har tana bugun ƙirji da aikin a gidajen suna. Ba a tuɓe musu riga sai ranar zuwan manyan baƙi. Ran nan a ta da janareto, a jera ɗalibai masu tsabtar kaya, hannu a cinya, a ɗauki hoto, a mayar da kwaɗo. Wata Laure da ƙaiƙayin yatsa ya sa ta danna wani abu har na'urar ta yi ƙara, a gaban taron makaranta aka zane ta, aka kuma kira ubanta. Daga ranar kowace ta shiga taitayinta. Gani ga wane, ai ya isa wane tsoron Allah.

Da aka ce jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, Malam Tamba ya je roƙon mabuɗi. Shugabar makaranta ta ce, "In sunka lalace, kai za ka gyara?" Malam ya koma ga allinsa.

Karatun jinya Hanifa ke so. Mahaifinta Labbo manomin shinkafa ne, ambaliyar bara ta bar shi hannu rabbana. Ƙanensa Zayyanu da ke unguwar Gesse a Birnin Kebbi ne ya ce zai ɗauki nauyinta in ta ci a bana. In ta faɗi, akwai wasu 'ya'yan dangi da ke jira.

Ranar tafiya Birnin Kebbi jarrabawa, Asiya ta raka ta tasha, ta gyara mata hijabi. "Ki kama kanki, ɗiyata. Kayan mutane na. Kak ki taɓa abin da ba a ce ki taɓa ba."

* * *

Mai sa ido ne ya buɗe mata kwamfutar da farko, ya nuna mata haruffan amsa, ta yi 'yan tambayoyi kafin lissafi ya tsayar da ita. Yanzu ga shi yana kai da kawo a bayanta. Ta buɗe baki, sai ta tuna kukan Laure. Ta hango an aika Argungu a kira Baba, ya zo da rigarsa ta gona yana ba da haƙuri. Ta zauna tana salati a zuci, ko Allah ya sa abin ya dawo da kansa. Amsar lissafin na nan a takardarta, daidai kuma take.

Aka ce lokaci ya cika. Yarinyar gefenta ta miƙe, ƙugunta ya bugi tebur, linzamin kwamfutar Hanifa, ɗan abin nan da ake ja da hannu, ya ɗan gusa. Nan take fuskar ta kawo haske.

Mai sa ido ya dubi tarin tambayoyin da ba a taɓa ba, ya dubi Hanifa. "Ke, mi ya hana ki yi magana? Barci ta yi, ba mutuwa ba. Da kin motsa linzamin ga, da ta farka."

"Ba a ce in taɓa ba," ta ce.

* * *

A gida ta ce jarrabawa ce ta yi wuya, aka ce haka Allah ya so. Kawu Zayyanu ya ɗauki nauyin ɗan wata ƙanwarsa. Hanifa ta koma turaren shinkafa a tsakar gida, baƙin ciki na cin ta ba ta da wanda za ta faɗa wa.

Da kaka makaranta ta aiko da sabon yadi. Baƙi za su zo, tsofaffin rigunan sun koɗe. Asiya ta shimfiɗa shi a tabarma tana murna. A bakin ƙofa, Zuhura ƙanwar Hanifa na danna kwalin da ta gada a wurinta tana rerawa.

"Hanifa, zo riƙe min bakin yadin ga."

Ta goge hannunta a zani, ta zo ta riƙe. Asiya ta sa almakashi.