Yana Gaishe Ka

"Kada ka tsaya, Malam," na ce, na riƙe hannun rigarsa.

"Nasidi, Alhaji Inuwa ne fa. Tare muka yi karatun allo."

"Ko nono ɗaya kuka sha, wuce."

Ya wuce yana waiwaye kamar wanda ya yar da wani abu. Ni kuwa na ɗaga murya na ce, "Alhaji, yana gaishe ka." Alhaji Inuwa ya kawar da kai, bai amsa ba.

Malam Jalo maƙwabcina ne a unguwar Kusfa, katanga ɗaya ta raba mu. Shekara arba'in yana zaune a zaure yana ɗinkin manyan riguna, salla kaɗai ke tayar da shi. A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, numfashi ya fara yi masa wuya. Likita ya ce zuciyarsa ta yi rauni, kuma bayan ƙwayoyi sai tafiya: kullum da safe daga gida zuwa Ƙofar Gayan, da ɗan sauri, ba tsayawa, har gumi ya karyo. In ba haka ba, da wuya ya ga damina biyu.

Likitan nan bai san birni ba. Makon farko, tafiyar minti ashirin sai da ta ci wa Malam awa biyu. Kowane zaure sai ya tsaya: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya mai jiki. Ya dawo gida ba ɗigon gumi, sai goro cike da aljihu. Shi ya sa na raba mana aiki, shi tafiya, ni gaisuwa.

Abin ya fi ciwon ƙirjin damun sa.

"So kake in mutu ana cewa na yi girman kai?"

"So nake ka rayu ana faɗa," na ce.

Aka kuwa faɗa. Rannan Alhaji Inuwa ya tare ni a bakin masallaci, fuska a murtuke.

"Me na yi wa Jalo da zai riƙa aiko mini da gaisuwa yana kallo na?"

Malam ya hana ni gaya wa kowa ciwonsa, amma ni bakina ba ya riƙe magana. Na zayyana wa Alhaji duka. Ya juya ya tafi ko sallama babu.

Washegari muka hango shi tsaye a ƙofar zaurensa. Malam ya fara rage sauri, sai Alhaji ya ɗaga masa hannu kamar mai korar akuya.

"Wuce, Jalo. Wuce, ina amsawa."

Kafin mako ya zagayo, unguwa duk ta ɗauka. Masu zaure, mai ƙosai, har mahauci, kowa sai ya ce, "Wuce, Malam, muna amsawa." Malam na tafe yana share fuska da hannun riga. Ya ce gumi ne, ni kuma ban musa ba.

Damina biyar ya gani, ba biyu ba. Wata Laraba muka dawo, ya zauna a zaurensa ya ɗauki allura.

"Yau mun yi sauri," ya ce. "Miƙo mini ruwa."

Kafin in juyo da moɗa, ya jingina da bango, zaren na rataye a yatsansa. Na kira shi sau uku. Wallahi ban san ina ƙaunar mutumin nan haka ba sai a kira na ukun.

Bayan sadakar uku, na fito da safe ban yi niyyar zuwa ko'ina ba, ƙafa ta ɗauke ni hanyar Ƙofar Gayan. Ina isa zauren Alhaji Inuwa bakina ya riga ni.

"Alhaji, yana gaishe..."

Na kasa ƙarasawa. Alhaji ya dubi gefena na dama, inda Malam ya saba bi.

"Ina amsawa," ya ce a hankali.

Sannan ya matsa, ya bar mini gefen tabarma.