Maɓallai Goma Sha Biyu a Baya

Tela mutum ne da ba ya iya ganin karkataccen ɗinki ya yi shiru. Ko a hanya ya hangi wuyan rigar wani ya goce, sai hannunsa ya fara ƙaiƙayi. To, irin wannan mutumin ne autarsa mai shekara uku da rabi za ta shiga makarantar nazare ranar Litinin.

Wata guda ya yi yana shirya ta. Yana taka keken ɗinki, Auta na zaune a kan tarin ƙyallaye tana ƙirga masa allurai har ashirin. Launuka kuwa ta san su fiye da wasu masu kawo ɗinki. Da makarantar ta ce kowa ya ɗinka wa ɗansa shuɗin yadi yadda ya ga dama, ai sai Tela ya samu abin da yake nema. Ya ɗinka riga haɗe da wando, ya jera mata maɓallai goma sha biyu a baya, ƙanana kamar ƙwayar wake.

Matarsa ta juya rigar, ta taɓe baki. "Maigida, wa zai riƙa ɓalle mata wannan?"

"Ke dai ki yaba aiki," in ji shi.

Ranar Litinin da aka tashi, ya tarar da Auta a bakin aji naɗe da tawul, idonta ya yi ja. Malamarsu ta miƙo masa rigar a leda.

"Fitsari ne ya matse ta, Baban Auta. Ta je banɗaki da kanta, amma hannunta bai kai baya ba. Kunya kuma ta hana ta kira ni."

"Amma fa ta iya ƙirga har ashirin," ya ce.

Malama ta yi murmushi. "Ƙirga aikina ne. Ku dai ku koya mata cire kayanta da mayarwa, da buɗe baki ta faɗi abin da take so."

A hanya Auta ta kwantar da kai a wuyansa, ta ce, "Baba, ba zan ƙara zuwa ba. Sun yi min dariya." Maganar ta soke shi. Shi da ya so a kalli 'yarsa a yaba, shi ya jawo aka kalle ta aka yi dariya.

Da yamma ya farke ɗinkin da ya kwana uku yana alfahari da shi. Ya raba riga da wando, ya sa wa wandon roba, ya ciro manyan maɓallai uku daga wata tsohuwar kwat ya dasa a gaban rigar. Wallahi shi kansa bai ga kyansu ba.

Ranar Talata ba a je makaranta ba, koyo aka zauna yi. Auta na tura maɓalli yana kuɓucewa, hannun Tela na miƙewa da kansa.

"Zauna a kan hannayenka," matarsa ta ce.

Ƙaton mutum ya zauna a kan hannayensa yana gumi, Auta na ƙyalƙyala masa dariya. Kafin la'asar ta ɓalle ta ɓalla ya fi sau goma, har 'yartsanarta ta sha umarni: "Ki ce, Malama, zan je banɗaki!"

Da safiyar Laraba ba wanda ya ce mata ta shirya. Sai ga ta ta fito da jaka a baya, maɓallin sama a ramin tsakiya, gefe ɗaya na rigar ya fi ɗaya tsawo. Idon Tela ya sauka a wurin, yatsunsa suka motsa. Auta ta ɗago kai tana jiran abin da zai ce. Ya cusa hannuwansa a aljihu.

A ƙofar makaranta mai wankin unguwarsu, wanda shi ma ya kawo ɗansa, ya kwashe da dariya. "Haba Tela! 'Yarka guda da karkatacciyar riga?"

Tela ya bi Auta da ido har ta shige aji ba ta ko waiwayo ba.

"Bar ta haka," ya ce. "Ita ta ɓalla da kanta."