Tarin da Baba Ya Ƙi Yi

Tsorona shi ne in ɗauke ido daga kan mahaifina, ko da na ƙiftawa ne, in juyo in tarar rai ya yi halinsa. Ban taɓa faɗa wa kowa wannan ba, domin a gidanmu ni ne mai difloma a aikin lantarki, kuma ana ɗauka wanda ya san kan na'ura gabansa ba ya faɗuwa. Amma tun ranar da aka cire wa Baba wani sashe na huhunsa na dama, ban bar kujerar da ke gefen gadonsa ta huce ba.

Kafin aikin an tara mu a wani ƙaramin ɗaki. Akwai likitan tiyata, da likitar da ke kula da raɗaɗi, da mai koyar da numfashi wanda majinyata suka laƙaba wa Sarkin Tari, sai kuma Sista, wadda ita ce ke haɗa kan aikinsu duka. Sun yi mana bayani cewa bayan tiyata dole ne Baba ya riƙa yin tari mai ƙarfi, in ba haka ba majina za ta taru ta toshe huhun, zazzaɓi ya biyo baya. Da aka tambayi wanda zai yi jinya, na ɗaga hannu kafin Gwaggo, ƙanwar Baba, ta buɗe baki.

"Kai, Injiniya?" in ji ta. "Kai da ko kaza ake yankawa sai ka kau da kai?"

Kowa ya yi dariya, har da Baba. Ni kuwa a raina na ɗaura ɗamarar cewa babu abin da zai wuce ni.

Baba tsohon direban babbar mota ne, kuma tun tasowata ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Na taɓa ganin murfin inji ya faɗo masa a yatsa, ya naɗe shi da tsumma ya ci gaba da aikinsa. Saboda haka da na gan shi kwance, an zura masa roba ta haƙarƙari tana ɗiga cikin kwalba, kuma bai ko yamutsa fuska ba, ban yi mamaki ba. Na mayar da hankalina kan na'urar da aka maƙala masa a yatsa, mai nuna yawan iskar da ke shiga jininsa. Idan lambar ta hau, in numfasa. Idan ta sauka, in ƙura mata ido.

Kowace safiya likitar raɗaɗi takan tambaye shi, "Baba, yaya ciwon?"

Sai ya ɗan dube ni ta gefen ido, ya ce, "Babu komai, likita. Mun gode Allah."

Da ta ji haka a jere, sai ta rage masa magani. Ni ma na yi murna, na buga wa 'yan gida waya cewa sauƙi ya samu.

Da hantsi kuma Sarkin Tari yakan shigo da matashi a hammata.

"Baban direbobi, a tayar da mota! Rungume matashin nan a kan ɗinkin, ka ba ni tari ɗaya mai kyau."

Sai Baba ya yi ɗan kakari, ya tsaya.

"Haba, wannan ai gyaran murya ne irin na mai shirin wa'azi. Tari na ce!"

"A bi shi a hankali," nakan ce, "kada ɗinkin ya warware."

"Injiniya, ba tela ne ya yi shi ba. Ba zai warware ba."

Haka muka yi ta yi har zazzaɓi ya rufe shi. Lambar na'ura ta fara ja da baya, numfashin Baba ya koma gajere. Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, likitan tiyata ya nuna mini wani wuri da ya yi fari kamar hazo. Ya ce idan zuwa gobe bai washe ba, sai an sake sa Baba barci an zura bututu ta maƙogwaro an zuƙe majinar, kuma ba ya son a kai ga haka, domin jikin bai gama farfaɗowa daga na farko ba.

Bayan azahar Gwaggo ta zo dubiya. Sista ta leƙo ta ce in sauka ɗakin magani in karɓo na zazzaɓi. Na ce ko za a aiki wani.

"Tashi ka tafi," in ji Gwaggo. "Ko ƙusa aka kafa maka a kujerar? Ba zan sace maka uba ba, na riga ka saninsa."

Na sauka da gudu, na bi layi, na hauro da gudu. Ina isowa baranda sai na ji wata ƙara daga ɗakinmu, tari mai zurfi, irin wanda ke fitowa daga ƙasan ƙirji, a bayansa kuma muryar Baba.

"Wayyo Inna! Wayyo Allahna, zai tsage!"

Innar da yake kira ta rasu tun ba a haife ni ba. Na tsaya a bayan ƙofa ina saurare.

"Yi kukanka, Yaya," na ji Gwaggo na cewa. "Ni da na ga ranar da ɗan kwikwiyo ya kore ka har kan katanga, me za ka ɓoye mini? Ƙara ɗaya!"

"Yawwa, ga ta nan ta fito!" in ji Sarkin Tari. "Ƙara taka totur!"

Ban yi shawara da kaina ba, na banka ƙofar. Baba na ganina ya haɗiye tarin da ya taso masa, jijiyoyin wuyansa suka miƙe. Ya goge ido da gefen matashin, ya gyara zama.

"Ka samo maganin?" ya tambaye ni, kamar babu abin da ya faru.

Duk yadda Sarkin Tari ya lallaɓa shi, bai ƙara yi ba.

Da la'asar Sista ta tara su a ƙaramin ɗakin nan, ta kira ni da Gwaggo. Kowa ya faɗi abin da ya gani. Likitar raɗaɗi ta ce ita dai kullum babu komai ake ce mata, shi ya sa ta rage magani. Sarkin Tari ya ce yau ne kaɗai ya samu tari na gaskiya, kuma da ganin yadda mutumin ya yi gumi, ciwon ba ƙarami ba ne. Likitan tiyata ya ce abin da aka fitar ɗazu ya taimaka, amma da saura. Sai da aka jera maganganun kusa da juna na ga abin da ya haɗa su, wato ni.

"Ba laifinka ba ne," in ji Sista. "Akwai iyayen da sun gwammace su shaƙe da 'ya'yansu su ga hawayensu. Za a mayar masa da maganin, a riƙa ba shi kafin lokacin tari. Amma batun zama a ɗakin, kai ne mai jinya. Ba za mu kore ka ba."

"Idan na fita wani abu ya faru fa?" na tambaya.

"Idan ka zauna fa?" in ji Gwaggo. Wannan karon babu tsokana a bakinta.

Na koma ɗakin ni kaɗai. Baba na jingine, idonsa a lumshe, ƙirjinsa na ɗagawa da ƙyar. Lambar na'ura tana nan inda na bar ta, ba ta hau ba. Na yi tunanin in ce masa daga wurin aiki aka kira ni, don kada ya gane na ji. Amma Baba ba ya son kwana-kwana, kuma a wurinsa na koyi hakan. Na ji takun Sarkin Tari a baranda yana tafe yana zolayar wani majinyaci. Na ɗauki matashin na ɗora wa Baba a kan ɗinkin, na kama hannuwansa biyu na rungumar masa shi. Ya buɗe ido ya dube ni.

Na miƙe tsaye, na ɗaga murya yadda Gwaggo da ke bakin ƙofa za ta ji.

"Baba, daga yanzu duk lokacin tari ni zan fita, Gwaggo ce za ta zauna da kai. Zan tsaya can ƙarshen baranda wajen taga, inda ba a jin komai, kuma ba zan dawo ba sai kai ka aika a kira ni."